Garin da ke neman magajin gari, ya fara ƙidaya kasuwarsa

Da wuya a sami gari a karkarar Maraɗi, Damagaram ko Tawa, mai kasuwar mako da lakwal da gidan likita, wanda ƴaƴansa ba su taɓa zama suka tsara takardar neman a ba shi ƙaramar hukuma tasa ba, wato abin da kowa ya fi sani da kwamin. Alhazan garin da ke kasuwanci a birni su ne ke tara kuɗin mota, ma'aikatan da ke Yamai su ne ke rubuta takardar da Faransanci, dattawa kuma su sa hannu. A irin wannan zama ana maganar martabar gari, da tarihin kakanni, da wulaƙancin da maƙwabta suka daɗe suna yi. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne wanda zai biya albashin sakatare a watan da ya biyo bayan ɗaga tuta. A kan wannan tambaya kuwa kwamin ke tsayawa da ƙafarta ko ta zama allo a bakin hanya.

Buƙatar kanta ba abin raini ba ce. Mutumin da zai hau amalanke ya yi yini guda don karɓar takardar haihuwar ɗansa yana da hujja. Mai rumfar da ke biyan tikiti kowane mako, ya ga ana gina shaguna da kuɗinsa a wani gari, shi ma yana da hujja. An shata iyakokin ƙananan hukumomin Nijar a lokacin da ƙidayar 2001 ta ba da mutum miliyan 11 da ɗoriya. Ƙidayar 2012 ta ba da fiye da miliyan 17. Ƙauyukan jiya sun zama garuruwa, rigar da aka ɗinka musu ta matse su. Ko ba daɗe ko ba jima za a sake zana taswirar, don haka ya kamata a duba abin da ya sami waɗanda suka riga suka shiga gidan.

Zaɓen magajin gari ba sabon abu ba ne a wannan ƙasa, amma ya daɗe yana zaman kayan birni. A 1956 aka zaɓi Jibo Bakari magajin garin Yamai, tun kafin samun ƴancin kai. Dokar 1964 ta raba ƙasa jiha-jiha da gunduma-gunduma, sai dai talakan karkara ya ci gaba da zama ƙarƙashin kwamandan da aka turo masa daga sama, wanda bai zaɓa ba, bai kuma da ikon tambayarsa inda lanho ya shiga. Babban taron ƙasa na 1991 ya ɗora maganar kusanto da mulki ga jama'a bisa tebur, yarjejeniyar sulhu ta 24 ga Afrilun 1995 da ƴan tawayen arewa ta mayar da ita alkawari. An yi zaɓen farko ranar 7 ga Fabrairun 1999. Kotun ƙoli ta soke sakamako a wurare da yawa, aka kashe shugaba Ibrahim Bare Mainasara ranar 9 ga Afrilu, sojojin da suka karɓi mulki suka share zaɓen baki ɗaya. Sai a watan Yunin 2002 aka kafa dokar da ta ƙirƙiro kwamin 265, 52 na birni, 213 na karkara, aka zaɓar musu kansiloli 3,747 ranar 24 ga Yulin 2004.

Yadda aka yanka ƙasar shi ne tushen rabin rigingimun da suka biyo baya. A Mali an bar ƙauyuka su zaɓi waɗanda za su haɗu da su, har aka sami kwamin fiye da 700. A Nijar an bi sawun sarauta: kowane kanto ya zama kwamin, tare da wasu rukunan makiyaya, manyan kantuna kuma aka raba su. Kanton Kornaka ya haifi biyar: Kornaka, Sabon Mashi, Ɗan Gulbi, Ajekoriya da Mayara. Kanton Agye ya haifi Agye da Cadawa. Wannan hanya ta kauce wa faɗa da sarakuna, ta kuma sa aikin ya yi sauri. Amma ta bar baya da ƙura, domin a wurare da dama hedikwata ta bi fadar sarki, alhali dukiya tana bin kasuwa da kwalta. Galmi, wadda sunan albasarta ya kai Abijan da Akara, tana cikin kwamin ɗin Dogarawa. Duk inda aka sami irin wannan, gari guda na riƙe da hatimi, wani na riƙe da aljihu, kuma zaman lafiyarsu ya dogara ga yadda ake raba abin da aka tara.

A takarda, kafa hukumar ƙaramin gari abu ne mai sauƙi. Jama'a su zaɓi majalisa, mafi ƙanƙanta mai kujeru 11, mafi girma mai 25, gwargwadon yawan mutane. Kansiloli su zaɓi magajin gari da mataimakansa daga cikinsu. Sarakuna da ƴan majalisar dokoki na yankin su zauna tare da su, da bakin magana amma ba da ƙuri'a ba. Majalisa ta yi zama huɗu a shekara, ta amince da kasafin kuɗi, perefe ya duba ko abin da aka yanke ya dace da doka. Dokar kaso ta 2000 ta tanadi kashi 10 cikin ɗari na kujeru ga kowane jinsi, abin da ya buɗe wa mata ƙofa. An ɗaga shi zuwa 15 a 2014, sannan 25 a 2019.

A ƙasa kuwa, kwamin ɗin karkara da yawa sun fara aiki a 2005 cikin ɗakin aro ko gidan haya, da tebur guda da kujerun da aka ɗauko daga lakwal. Kansiloli da dama ba su karanta Faransancin da aka rubuta kasafin da shi, sun ɗaga hannu kan takardar da ba su san cikinta ba. Nan ne aka gane cewa ɗamarar magajin gari mai launin tuta ita ce mafi arha a cikin kayan aikin. Mutum uku ne ke riƙe da meri: babban sakatare da ya san doka, ma'aji da ya san lissafi, da mai rajistar haihuwa da aure da mutuwa. Inda aka sami waɗannan ukun, ana biyansu a kan kari, ba a kuma canza su duk lokacin da rinjaye ya sauya, aiki ya tafi ko da magajin gari bai yi zurfin karatu ba. Inda aka cika gurbinsu da ƙanen wane da surukin wane, ko an kawo mai digiri an ɗaura masa ɗamara, sai an wayi gari ana neman rajistar bara an rasa.

Sai maganar kuɗi, wadda masu neman kwamin ke tsallakewa kamar garwashi. Abin da ƙaramar hukumar karkara ta gada daga tsohuwar gunduma shi ne lanhon kai, wanda a shekarun farko ya tsaya kan dala 140 ga kowane mai biya, masu gari ke tattarawa su ɗauki ladansu a ciki. Lissafin ba ya buƙatar malami. A ɗauka gari da ƙauyukansa suna da masu biya dubu goma. In kowa ya biya, ba wanda ya tafi ci-rani, ba fari, ba fara, an sami miliyan bakwai a shekara. Kundin dokar ƙananan hukumomi na 2010 ya ce aƙalla kashi 45 cikin ɗari na kuɗin shiga na yau da kullum a zuba su a ayyukan gini, wato miliyan uku da jika ɗari da hamsin a wannan misali. Kowane ɗan kwangila ya san inda wannan kuɗi ke tsayawa in aka ce a gina aji ko a haƙa rijiya mai siminti. Abin da ya rage shi zai biya albashi, da alawus na zaman majalisa, da man mota, da takarda. A shekarar da damina ta gaza, kamar yadda aka gani a yunwar 2005, lanho ma ba ya shigowa, domin ba mai garin da zai shiga gidan da babu tiya guda ta hatsi ya ce a biya.

Saboda haka kasuwa ita ce saniyar tatsar kowace kwamin: tikitin rumfa, harajin bisashe, kuɗin mahauta, kuɗin tasha, na amalanke da na kabu-kabu. Garin da ke da babbar kasuwar bisashe, irin su Sabon Mashi ko Badagishiri, ya fara tafiya da jari a hannu. Amma ƴan kasuwa sun fi kowa sanin hanyoyin da kuɗin ke bi su ɓace tsakanin turke da akwatin ma'aji. Akwai tikitin da ake karɓa a sake sayarwa. Akwai cinikin da dillali ke ƙullawa a bayan kasuwa don kada a rubuta. Akwai rabin kuɗi da ake miƙawa ba tare da takarda ba, mai biya ya ji ya ci riba, mai karɓa ya ji ya ci riba, gari ya tashi a tutar babu. Uwa-uba, aikin yankan tikiti ya zama ladan yaƙin neman zaɓe: jam'iyyar da ta ci sai ta sallami masu karɓa na da, ta zuba nata yara, su kuma su ɗauki kasuwa a matsayin gonar da aka ba su su girbe kafin zaɓe mai zuwa. Wannan laifi ne na masu mulki, amma hannu ɗaya ba ya tafi. Attajirin da ya sayi shanu goma ya sa aka rubuta uku ba shi da bakin zagin meri ranar da motarsa ta maƙale a taɓon ƙofar kasuwa.

Da lanho ya gaza, kasuwa ta yoye, sai aka juya ga ƙasa. Yanka filaye ya zama hanya mafi sauri ta samun kuɗi: a karɓi gonakin gefen gari, a auna, a ba masu gona ƴan fuloti, a sayar da sauran. Gwamnati ma ta nuna hanyar a farkon shekarun 2000, lokacin da ta biya ma'aikata bashin albashi da filaye. Fili kuwa sau ɗaya ake sayar da shi. In kuɗinsa ya tafi ga albashi da alawus, an bar unguwa ba pampo, ba magudanar ruwa, ba wurin lakwal, ba maƙabarta, hukumar da ta zo baya ta gaji bashin aiki ba tare da abin yinsa ba. A wasu wurare yankan ya haɗa da burtali da mashaya, abin da dokar karkara ta 1993 da kwamitocin filaye aka kafa don karewa, kuma kowa ya san abin da ke biyo bayan toshe wa makiyayi hanya.

Ba daidai ba ne a ɗora wa ƙananan garuruwa dukan nauyin. Gwamnatin da ta haife su ta yaye su tun ba su yi haƙori ba. Dokar miƙa musu ayyuka ta fito a 2002, amma hukumar da za ta riƙa zuba musu tallafi, ANFICT, sai a 2008 aka kafa ta a takarda, ta kuma ɗauki shekaru kafin ta fara aiki. Sai a 2016 aka fitar da ƙudurin miƙa musu ilimi, kiwon lafiya, ruwa da muhalli, kuma magadan gari sun sha kokawa cewa aikin ya iso, kuɗin bai biyo shi ba. Doka ta ware kashi 15 cikin ɗari na kuɗin ma'adinai da na man fetur ga hukumomin yankunan da ake haƙowa, nan ma an yi ta kukan jinkiri da bashi. A 2011 an ɗaga yawan gundumomi daga 36 zuwa 63, garuruwa irin su Malbaza, Takeita, Gazawa da Dungas suka sami perefe. Ƙara ofis ya fi sauƙi a kan ƙara kuɗin gudanar da shi, kuma gwamnatoci daban-daban sun fi son na farkon domin shi ake yi wa biki.

Ƴan kasuwar da ke zirga-zirga Jibiya da Illela sun san ɗaya fuskar matsalar. Ƙananan hukumomin Najeriya 774 suna da kason wata-wata daga asusun tarayya, abin da kwamin ɗin Nijar ke mafarkinsa. Amma kuɗin ya daɗe yana bi ta hannun gwamnoni, har sai da kotun ƙolin ƙasar ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa biyansu kai tsaye. Hukumar da ke jiran abinci daga sama idonta na kan mai ba ta, talaka kuma ba ya jin kuɗinsa ne ake ci. Talaucin kwamin ɗin Nijar yana da wannan alheri guda: kuɗin daga aljihun mai rumfa da mai gona ya fito, don haka suna da haƙƙin tambaya, in an bar musu wurin yin ta.

Wurin tambayar shi ne akwatin zaɓe, kuma shi aka fi wasa da shi. An share zaɓen 1999. Majalisun da aka zaɓa a Disamban 2009, cikin rikicin tazarce, an rusa su bayan juyin mulkin 18 ga Fabrairun 2010, aka naɗa kantomomi. Waɗanda aka zaɓa a Janairun 2011 wa'adinsu ya ƙare a 2016, aka yi ta ƙara musu lokaci har zuwa 13 ga Disamban 2020. Waɗanda aka zaɓa a ranar kuma hukumar soja ta CNSP ta rusa su a Afrilun 2024, ta maye gurbinsu da kantomomi. Masu goyon bayan wannan mataki suna da abin faɗa. An ga magadan gari da majalisar ministoci ta tuɓe bisa zargin almundahana, an ga majalisun da ba su da aiki sai ƙuri'ar tsige wannan a ɗora wancan, an ga kujerar kansila ta zama haja. Duk wannan ya faru. Sai dai maganin ɓarawo shi ne mai bincike da alƙali. Kantoma na iya zama mutumin kirki, yana iya share kasuwa ya gyara kwata, amma wanda ya naɗa shi ne kaɗai ke iya tambayarsa, shi ne kuma ke iya ɗauke shi. Mai biyan tikiti ya koma inda kakansa yake a gaban kwamanda. Itacen da ake tumɓukewa duk bayan ƴan shekaru don a duba saiwarsa, ba a yi masa adalci ba in aka ce ya ƙi yin inuwa.

To, me ya rage ga garin da ke son tasa hukumar, ranar da aka sake buɗe wannan ƙofa? Aikin da zai yi tun yanzu ba ya buƙatar izinin kowa. Na farko, ƙidaya: masu biyan lanho nawa ne a garin da ƙauyukan da ake sa ran za su biyo shi, kuma an tambayi ƙauyukan nan ko suna so? Garin da ke kukan danniyar hedikwata kada ya wayi gari yana yi wa na ƙasa da shi irin abin da aka yi masa. Rugage da zangon makiyaya ma a ji ta bakinsu, tunda bisashensu ne ke cika kasuwa. Na biyu, ƴan kasuwa su sa a rubuta abin da ke shiga kasuwarsu mako-mako har shekara ta zagayo, kaka da rani da bazara da damina, rumfa nawa, bisa nawa, mota nawa. Wannan littafi ya fi kowace takardar roƙo ƙarfi a gaban hukuma, shi ne kuma ma'aunin da za a riƙe magajin gari na farko da shi: in kasuwa ta ba da kaza kafin zuwansa, ba zai ce ta ba da rabinsa ba. In lissafin ya nuna kuɗin ba zai ɗauki ma'aikata uku da aikin gini ko guda a shekara ba, gara garin ya nemi reshen rajistar haihuwa da rubutacciyar yarjejeniya kan kason kasuwarsa, ya jira.

Na uku, a rubuta filayen jama'a tun ba a fara rabo ba: burtali, mashaya, maƙabarta, filin idi, wurin lakwal da na likita, da shaidar sarki da masu gari da kwamitin filaye. Na huɗu, a yi alkawari a bainar jama'a, kafin a san wanda zai ci, cewa sakatare da ma'aji da mai rajista za a ɗauke su bisa takardarsu, masu yankan tikiti kuma ba za a canza su don an canza rinjaye ba. Na biyar, kasafin kuɗi da abin da aka kashe a karanta su da Hausa, da Fulatanci ko Tamajak inda ake jin su, ranar kasuwa, a liƙa su a ƙofar meri, a maimaita a rediyon gari. Matan da ke sayar da ƙuli-ƙuli da fura suna biyan tikiti kowane mako kamar kowa, su ma a karanta a gabansu.

A nan ma'aikata ƴan asalin gari ke da babban aiki. Malamin lakwal mai ritaya, tsohon ma'aikacin baitulmali, akawun da ya yi shekara talatin yana riƙe da rajista, su ne dukiyar da ƙaramin gari ke da ita ba tare da ya sani ba. Sun fi amfani a kan teburin lissafi fiye da a rumfar biki. Alhazan birni kuma, da suka saba gina masallaci da haƙa rijiya da kuɗinsu, su sani biyan cikakken haraji a kasuwar garinsu da neman a nuna musu inda ya shiga shi ma aikin alheri ne, ko da ba a rubuta sunan kowa a bango ba.

Gwamnati, kowace iri ce, abu biyu ake nema gare ta: ta saki kuɗin da doka ta ce na ƙananan hukumomi ne a lokacinsa, ta kuma mayar wa jama'a ikon zaɓen wanda zai riƙe musu shi, a ranar da aka sani, ba tare da ɗagawa ba. Samun hatimi da tuta aikin rana ɗaya ne, in an dace da mai sa hannu. Garin da ya shiga da littafin kasuwarsa a hannu, ya san masu biyansa, ya kuma killace filayensa, shi ne zai iya biyan sakatarensa a wata na biyu.